Cummins 6BT

Cummins 6BT injin dizal ne mai silinda shida da girman lita 5.9, wanda aka sanya a motocin a-kori-kura samfurin Dodge Ram a Amurka daga 1989 zuwa 1998. Har yanzu kanikawa suna yi masa garambawul domin jan tirela, saboda famfon mansa ba ya buƙatar kwamfuta.

Lokacin garambawul akan tokare wani ɗan fegin ƙarfe da ke gaban injin. Girgiza takan kwance shi, idan kuwa ya faɗa cikin haƙoran giya yakan fasa gidansu. Masu ƙara yawan man da injin ke sha sukan ɗaura ma'aunin zafin hayaƙi, domin hawan tudu da kaya masu nauyi na iya narkar da fistin.