Kayan da tsohuwar mota ke ɗauka a banza

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, masu tsofaffin motoci suka shiga lissafin da ba su saba yi ba. Wanda a da yake cika tanki ko kallon mita bai yi ba, yanzu lita-lita yake saye. Dabaru kuwa sun yi yawa a gareji: wannan ya ce a taɓa kafireto, wancan ya ce a cire indomi (wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa), wani ya ce a daina kunna esi. Akwai wata dabarar da ba a cika zancenta ba, alhali ko sisi ba ta ci a farkonta, wato a rage wa motar nauyi. Tana da amfani na gaske, amma amfanin ba inda yawancin mutane ke zato yake ba, kuma idan aka yi ta da garaje tana iya cin rai.

Duk lokacin da direba ya taka totur daga tsaye, inji yana ƙona mai ne don ya tura nauyin motar gaba. Da ya taka birki, duk ƙarfin da aka tara sai ya koma zafi a faifan birki, ya bi iska. A cikin gari, inda ake tafiya ana tsayawa saboda cunkoso da danja da ramuka, wannan asara tana maimaituwa dare da rana, kuma kowane kilo yana da rabonsa a ciki. A babbar hanya labarin ya bambanta. Idan mota ta miƙe da gudun kilomita 100 a awa, iska ce babbar abokiyar gabarta, nauyi ya koma baya. Shi ya sa keriyar da aka ɗaura a saman mota aka manta da ita take yin ɓarna biyu, ga nauyinta, ga tare iska.

Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta kiyasta cewa ƙarin kilo 45 yana ƙara wa mota shan mai da kusan kashi 1 cikin 100, kuma ƙananan motoci sun fi manya jin abin. A yi lissafi: mutumin da ke ƙona lita 40 a mako, in ya sauke kilo 90, abin da zai tsira da shi bai kai lita ɗaya a mako ba, kusan lita 40 a shekara. Kuɗi ne, ba a raina shi, sai dai duk wanda ya ce maka rage nauyi zai raba kuɗin manka biyu, yaudararka yake yi. Ribar da ta fi wannan tana ƙasan mota. Birki yana kamawa da wuri kuma ba ya saurin zafi, shokozoba da bushi suna daɗewa, taya ba ta saurin cinyewa, kuloci yana hutawa. Motar da ta shekara talatin tana bin hanyoyinmu, waɗannan su ne wuraren da take kuka.

Injiniyoyin tsere sun daɗe da gane wannan. Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin Lotus a Ingila, a kan sauƙin nauyi ya gina sunansa. Motarsa Lotus Seven da ta fito a 1957 nauyinta bai wuce rabin tan ba, kuma da ƙaramin inji take ba manyan motoci wahala a kwana. Lissafin nan yana aiki a kan Golf 3 ɗin da ke jigila tsakanin garuruwanmu. Mai injin 1.8 tana da ƙarfin doki 90 a kan nauyin da ya kai kilo 1,100 ko kusa da haka, wato kowane doki yana jan kilo 12. In aka sauke kilo 60, kamar an ƙara wa injin doki biyar ne, ba tare da an kwance ko noti ɗaya a jikinsa ba.

To, ina za a samo kilo 60 ɗin? A buɗe but. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gareji ranar da ake zazzage but ɗin tsohuwar Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, ya san abin da ke fitowa. Ga mataccen batir da aka ce za a kai caji, ga tsofaffin shokozoba biyu da aka canza aka ƙi yarwa, ga jak biyu ɗaya ba ya aiki, ga jarkar ruwa mai lita 25 a cike, wadda ita kaɗai kilo 25 ce, ga galan na baƙin mai, ga ƙaton dutse da ake yin weji da shi. In aka ɗaga kafet aka leƙa ramin safaya, sau da yawa bayan damina sai a tarar da ruwa kwance, ƙarfen ya fara tsatsa, soson da ke ƙarƙashin kafet ya jiƙe sharkaf. Ba kamfani ne ya sa wa motar wannan kaya ba, mai ita ne ya tara. Sauke shi kyauta ne, har ma da riba, domin 'yan gwangwan suna ɗora ƙarfe da mataccen batir a sikeli su biya.

Bayan but sai a dubi kayan ado da aka ƙara. Ƙaton ƙarfen da ake ɗaura wa gaban mota, akwatin lasifika da ya cinye rabin but, matakalar gefe a motar da ba ta da tsayi, batir na babbar mota da aka cusa wa ƙarama don wai ya fi ƙarko. Tsakanin batir mai amfiya 45 da mai amfiya 100 akwai bambancin da ya kai kilo goma. Shi ma man da ke tanki nauyi ne, kowace lita tana da kusan kashi uku cikin huɗu na kilo, don haka tanki mai lita 60 a cike kilo 45 ke nan. Mai zirga-zirgar cikin gari zai iya tsayawa a rabin tanki, amma kada ya saba da tafiya a kan jan layi, domin a motoci masu injekta man ne ke sanyaya famfon da ke cikin tankin.

Inda na fi so a tsaya a yi tunani shi ne wili da taya, domin nan ne samari ke kashe kuɗi su sayi nauyi. Kilo ɗaya a wili ba daidai yake da kilo ɗaya a kujera ba. Na farko dai, sai inji ya juya shi ban da tura shi gaba. Na biyu, yana ƙasan sifirin ne, don haka duk ramin da aka faɗa, shi ne zai yi tsalle, shokozoba kuma ta yi fama da dawo da shi ƙasa. Gwargwadon nauyinsa, gwargwadon lokacin da taya za ta yi ba ta dafe da kwalta ba. A 2010 mujallar Car and Driver ta Amurka ta gwada wili daga inci 15 har zuwa 19 a kan Golf guda. Da aka kai ga mafi girma, tafiyar da motar ke yi da lita ɗaya ta ragu da kusan kashi 10 cikin 100, tashinta ma ya yi nauyi. Wannan ya ninka abin da za a samu daga zazzage but sau da yawa. Wanda ya sa wa motarsa manyan wili masu walƙiya, hanya mafi arha gare shi ita ce ya sayar da su ya koma girman da kamfani ya rubuta a jikin ƙofa ko murfin tanki. Kada kuma a ɗauka kowane wilin alminiyam ya fi na ƙarfe sauƙi. Akwai na arha da suka fi na ƙarfe nauyi, ga saurin tsagewa. A tafi kasuwar kayan gyara da sikeli, a auna kafin a biya.

Masu motocin tsere a ƙasashen waje suna wuce nan. Suna cire kujerar baya, su kankare baƙin danƙon da ke hana ƙara shiga, su sa batir na litiyam, su musanya gilashin gefe da roba, su sayi bonet mara nauyi mai tsadar gaske. Ga motar da ke kai yara makaranta, kusan duk wannan ba shi da riba. In aka kankare danƙon, zafin salansa da ƙarar hanya za su cika ɗakin. Robar taga kuwa ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta kakkarce ta har a daina gani. Esi in yana aiki a bar shi, watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ba wasa ba ne. In ya mutu shekara da shekaru kuma ba niyyar gyara, to a iya kwance kwamfuresa da sauran kayansa.

Akwai kuma abubuwan da ba a taɓawa ko da bakanike ya ce, "Alhaji, cire shi kawai, ba aikin da yake yi." Ƙarfen da ke bayan bamba da sandunan da ke cikin ƙofa ba sa aikin komai sai ranar haɗari, a ranar kuwa su ne tsakanin mutum da ajali. Haka bel da jakar iska da na'urar ABS. Indomi nauyinta bai taka kara ya karya ba, cire ta kuma yana sa motar fesa wa jama'a hayaƙi mai guba. Safaya da jak mai aiki da abin kashe gobara da alamar gargaɗi su zauna a inda suke. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra suna tambayar su, kuma wanda taya ta fashe masa da dare a tsakiyar daji ya san darajar kilo 15 ɗin nan. Ba a huda shasi, ba a yanke ƙarfen jiki, musamman a motar da tsatsa ta riga ta fara ci.

Masu mayar da mota zuwa iskar gas ta CNG su ma su sa nauyi a lissafi. Tukunyar ƙarfen da ake ɗaurawa a but takan haura kilo 50, kuma a kan tayoyin baya take zama. Arhar gas tana biyan wannan, amma wajibi ne a duba sifirin da shokozoba na baya, kuma a sauke duk wani tarkace don a rama.

Mai karatu, in kana da tsohuwar mota, ka ware safiyar Asabar ɗaya. Ka fito da duk abin da ke cikinta, ka mayar da abin da doka da hanya suke buƙata kaɗai, ka ɗaga kafet ka busar da shi, ka kwance keriya in ba tafiya za ka yi ba, sannan ka biya wurin mai faci ya auna maka iskar taya.