Kurkum da Ƙurajen Fuska

A kasuwar Achida muna sayen kurkum, wato gangamau, domin girki da gyaran jikin amare. Yanzu kuwa ana yi wa samari da 'yan mata tallar ƙwayoyinsa ta waya, wai suna kashe ƙurajen fuska.

Iyaye, mu lura. Sinadarin da ake nema cikin kurkum ɗan kaɗan ne. In an haɗiye shi ma, mafi yawansa ba ya shiga jini. A 1998 masana a Indiya suka nuna cewa sinadarin masoro yana ƙara shigarsa har ninki 20, shi ya sa masu yin ƙwayoyin suke haɗa su. Amma a 2019 a Italiya waɗansu sun kamu da ciwon hanta bayan shan ƙwayoyin kurkum. Har yau kuma likitoci ba su tabbatar cewa suna warkar da ƙuraje ba.

To, mu bar kurkum a tukunya. 'Ya'yanmu su wanke fuska safe da yamma, kada su matse ƙurji. In ƙurajen sun tsananta, mu kai su asibiti a Wurno ko Sakkwato. Wanda yake shan ƙwayoyin, idanunsa suka zama ruwan ɗorawa, ya daina, ya ga likita nan da nan.