Kumburin da ido ba ya gani

Idan ƙaya ta soki manomi a gonar gero a Kumagannam, kafin yamma wurin ya kumbura, ya yi ja, ya ɗauki zafi. Wannan ba cuta ba ce, aikin jiki ne: jini ya kwararo wurin ɗauke da ƙwayoyin da ke cinye ƙazanta da ƙwayoyin cuta, kwana kaɗan rauni ya kame, kumburi ya sace. Damuwar likitoci ita ce irin kumburin da ba ya sacewa, wanda ke ci a hankali cikin jijiyoyin jini, ko hanta, ko mafitsara, shekara da shekaru, mai shi yana ta harkokinsa. Ana samun hannunsa a ciwon zuciya, ciwon suga, lalacewar ƙoda da wasu nau'o'in sankara. A asibiti akan gane alamarsa ta gwajin jini na CRP, wani sinadari da hanta ke ƙara fitarwa idan jiki yana cikin faɗa. A 2017 wani gwaji da Paul Ridker na Amurka ya jagoranta a kan masu ciwon zuciya sama da 10,000 ya nuna cewa rage kumburi kaɗai, ba tare da taɓa kitsen jini ba, ya rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kimanin kashi 15 cikin 100.

Tun daga nan 'yan talla suka samu abin yi. Duk wanda ya buɗe Facebook zai ga kwalaben garin kurkum da man zaitun, kowanne ana cewa shi ne makarin kumburi. Ni dai a ganina mutumin Gashua ko Nguru bai kamata ya fara da sayen komai ba. Ya fara da tambayar abin da ke hura wutar a jikinsa, don a yankinmu abubuwan sanannu ne.

Babba a cikinsu tsargiya ce. A fadamun Haɗeja zuwa Nguru, inda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa har ya koma kwance, dodon koɗin da ke rainon tsutsar cutar yana samun wurin zama. Yaro ya shiga wanka, ko masunci ya shiga jan koma, tsutsar ta huda fata ba tare da ya ji ba. Ƙwayayen da take nasawa suna maƙalewa a bangon mafitsara, jiki ya yi ta kewaye su da yaƙi, wurin ya yi tabo a kan tabo. Bayan shekaru tabon na iya matse hanyar da fitsari ke bi daga ƙoda, ya kuma zama silar sankarar mafitsara. Har yanzu akwai dattawan da ke ɗaukar fitsarin jini alamar yaro ya fara zama namiji. Ba zogale, ba tafarnuwa da za ta kashe wannan tsutsa. Maganinta praziquantel ne, wanda ake rabawa kyauta a makarantu, ana auna tsayin yaro da sanda a ba shi adadinsa. Uban da ya hana ɗansa karɓa ya bar masa kumburin shekara ashirin.

Sai hayaƙi. Matar da ke tsugune gaban murhu cikin madafa marar taga, safe da yamma, tana shaƙar ƙurar da ke ratsa huhu ta shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa hayaƙin girki yana kashe kimanin mutum miliyan 3 duk shekara. Busasshen itace, girki a fili inda iska ke kaɗawa, da sauke goyo kafin a hura wuta, duk ba sa cin kuɗi. Haka dasashin da ke zubar da jini kullum rauni ne buɗaɗɗe a baki. Aswaki da cire haƙorin da ya ruɓe sun fi kowane jiƙo.

Abinci kuwa, nan ne abin ya fi ba ni haushi, don abin da ake nema yana cikin rumbunmu. Gero da wake da kuka da yakuwa suna da harzar da hanji ba ya narkarwa. Ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune cikin hanjin su ke cinye ta, su fitar da sinadaran da ke kwantar da kumburi. Amma sai a surfe gero fes, a zuba wa tumaki dusar, mutum ya karya da farin burodi da shayin da cokali ke iya tsayawa a ciki. Iyakar sukarin da hukumar ta ba babban mutum ita ce kimanin giram 50 a yini, wato ƙaramin cokali 12, kuma kwalbar lemo ɗaya ta cinye fiye da rabi. Kitsen da ke taruwa a tumbi ba ajiya ba ce kawai, shi kansa yana zuba sinadaran kumburi cikin jini. A 2021 masu bincike a Jami'ar Stanford sun ciyar da wasu mutane abinci mai tsami irin su yogot na mako 10, suka ga alamomin kumburi 19 sun ragu a jininsu. Kindirmo ɗan wannan dangi ne, muddin an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, kuma ba a cika furar da sukari ba. Kifin kogin Yobe ya fi soyayyen nama da ake ta juyawa a tsohon mai. Gishiri bai kamata ya wuce giram 5 a yini ba, kuma a tuna dunƙulen ɗanɗano da kanwa duk suna cikin lissafi.

Shawarar da ake bayarwa ta motsa jiki na minti 150 a mako ta ɗan kasuwar da ke wuni a shago ce, wanda ko masallacin unguwa sai a kan babur. Manomi da makiyayi sun wuce nan. Abin da suke bukata shi ne ruwa da inuwa, musamman a bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Wannan ya kawo mu kan ƙoda. Kowa a Bade da Nguru ya san gidan da ciwon ƙoda ya yi wa ta'asa, kuma cibiyar bincike ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe, ƙarƙashin Mahmoud Bukar Maina, tana bin diddigin musabbabinsa. Kafin ta gama, akwai abin da likitoci suka daɗe da tabbatarwa: ibuprofen da diclofenac, waɗanda sunansu ma maganin kumburi ne, suna rage jinin da ke isa ƙoda. Leburan da ya wuni yana zufa bai sha isasshen ruwa ba, da magariba ya tsaya wurin mai kwalin magani a tasha ya haɗiye haɗin ciwon jiki, ya haɗa wa ƙodarsa ƙishirwa biyu. Jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba shi ma ƙodar ce ke tace shi. Wanda ke da hawan jini ko ciwon suga, ko ya ga ƙafarsa na kumbura, ko fitsarinsa na kumfa, ya je Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ko asibitin Gashua a gwada jininsa da fitsarinsa, ya kuma tafi da ledar duk magungunan da yake sha likita ya gani.