Ranar Hutu a Bololo: Kowa da Kiwon da Ya Karɓe Shi

Ɗan kasuwar da ya kwashe kwana shida yana fama da kaya tun daga Gamboru har Kusuri, ya tsallako gadar Ngueli ya shigo Njamena, hutu ya zame masa dole. Sai dai da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu na unguwar Bololo kan tashi daga hutu da gajiyar da ta fi ta jiya, domin hutun maƙwabci suka kwaikwaya. Hali kuwa zanen dutse ne.

Mai son jama'a, kaɗaici ciwo ne a gare shi. In an sallame a Masallacin Sarki Faisal, ya nemi majalisar shayi, amma da sharaɗin ba zancen canjin sefa da naira.

Mai shiru-shiru, wanda ciniki ya ƙarar masa da yawu, ya gangara bakin kogin Shari bayan la'asar, ya kalli masunta, ba mai tayawa ba mai sallamawa.

Wanda zama ke gundura, ya ɗebi yara zuwa Gawi, ƙauyen Kotoko da ya shahara da ginin tukwane. Kafin ya dawo ya manta da kwastan.

Shi kuwa mai yawan tunani, ya kulle littafin bashi a shago, ya kashe waya. Bashin da bai fito ranar Asabar ba, tagumin Lahadi ba zai fito da shi ba.

A Afrilu zafin Njamena kan wuce digiri 40. Wanda ya hana jikinsa hutu, ribarsa a kantin magani za ta ƙare. Lafiya uwar jiki.