Hoton kaboyi ya baro ƙofar silima, ya koma bangon falo

Duk wanda ya tambayi babansa ko kawunsa labarin gidajen silima na Kano irin su Rex da Plaza da El Dorado, zai ji cewa kafin Indiya ta cinye kasuwa, fim ɗin kaboyi ma ya yi zamaninsa. Fasta ce ake mannawa a ƙofa: wani dogon mutum da malafa, bindiga a ƙugu, doki a gefe, bayansa kuma fili fetal. To, yau irin wannan hoton ya zama kayan ado. A Amurka da Turai ana buga shi a takarda mai kauri, a sa masa firam da gilashi, a rataya a falo kamar hoton ranar aure.

Me ya ja hankalin mutane haka? Kala dai ita ce ta farko. Jar ƙasa, ruwan goro na faɗuwar rana, sai shuɗin sama, kaloli ne da ke shiga da kowace irin kujera da labule. Amma babban sirrin shi ne fili. Mutumin da ke zaune a matsattsen ɗaki a tsakiyar birni, in ya ɗaga kai ya ga hamada ba iyaka a bangonsa, sai ya ji kamar an buɗe masa taga.

Abin da masu saye da yawa ba su sani ba, wannan hamadar 'yan fim ne suka gyara ta. Duwatsun nan jajaye masu shafaffen kai da ake gani a yawancin hotunan, sunan wurin Monument Valley, a kan iyakar jihohin Arizona da Utah, cikin ƙasar ƙabilar Navajo. Darakta John Ford ne ya tallata wurin ga duniya da fim ɗinsa Stagecoach a 1939, ya kuma yi ta komawa can lokeshin har mutane suka ɗauka duk yammacin Amurka haka yake. Ita kuwa bishiyar nan mai ƙaya, mai kama da ƙerana, wadda ke ɗaga hannuwa biyu kamar an ce mata ta miƙa wuya, sunanta saguaro, kuma a hamadar Sonora kaɗai take fitowa. Babu ita a Monument Valley, babu ita a Texas. Masu zane ne kawai ke dasa ta duk inda suka ga dama.

Shi ma hoton da ya fi kowanne farin jini, wato Clint Eastwood ya yafa bargo yana tauna guntun sigari, ba a Amurka aka ɗauke shi ba. Ɗan Italiya ne, Sergio Leone, ya shirya finafinan guda 3 tsakanin 1964 da 1966, kuma a ƙasar Sifen ya yi yawancin aikin waje, musamman yankin Almeriya inda hamadar Tabernas take. Na farkonsu, A Fistful of Dollars, wankiya ce daga fim ɗin Japan mai suna Yojimbo na Akira Kurosawa, har sai da magana ta kai kotu. Masu cewa 'yan fim ɗin Hausa kaɗai ke kwaikwayo, sai su riƙe wannan.

Tun ma kafin silima, masu zane irin su Frederic Remington, wanda ya rasu a 1909, da Charles Russell, su ne suka fitar da siffar kaboyin da Hollywood ta gada. A nan ne kuma gyaran ya fi yawa. Masana tarihi sun kiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na makiyayan da suka kora shanu a wancan zamanin baƙar fata ne, ga 'yan Meziko da yawa, amma da wuya ka gan su a fasta. 'Yan asalin ƙasar kuwa, waɗanda aka ƙwace wa filin, su aka mayar bos a fim. Finafinai kamar The Harder They Fall na 2021 dai sun sa baƙaƙen kaboyi a gaba.

Ga matashin da ke shirin gyara ɗakinsa, hoton hamada zalla yana da wani sauƙi: a gidajen da ba a son rataya hoton abu mai rai, dutse da yashi ba sa jawo magana daga manya. Kuma ba lallai sai na Arizona ba. Tuddan rairayin Tenere da ke gabas da Agadas, hanyar da ayarin gishiri ke bi zuwa Bilma, ba su gaza Monument Valley kyau ba, sai dai ba su samu nasu John Ford ɗin ba.

Wanda ya saya dai ya kula da inda zai rataya. Rana in tana dukan fasta kai tsaye, jan ne ke fara koɗewa, shi ne kuwa ran hoton. Firam mai gilashi ya zama dole saboda ƙurar hunturu, sannan a guji bangon da ke tsotsar ruwa da damina, don takarda ba ta jure laima.