Idan Mai Ɗiban Jini Ya Yi Sallama a Ƙofar Gida

Duk mutumin Toranke da likita ya ce a gwada masa jini ya san abin da ke gabansa: kuɗin mashin zuwa Ajingi ko asibitin Gaya, wani gwajin ma sai an dangana da Kano, a bi layi a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Ga tsoho mai ciwon suga ko mai jego, wannan tafiya kanta wata jinya ce. Shi ya sa zuwan ma'aikacin lafiya har gida ya ɗebi jinin yake da amfani.

Abin ba baƙo ba ne. A 2018 an bi gida-gida a duk jihohin Najeriya ana ɗiban jini don auna yawan masu cutar ƙanjamau, aka samu kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49. A shekarar ce wani binciken ya tsikari yatsun yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ya gano kusan ɗaya cikin biyar na ɗauke da ƙwayar gadon sikila.

Wasu magidanta kan hana, kuma ban ga laifinsu ba. Kanawa ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan, yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Haƙƙinka ne ka nemi katin shaidar mai ɗiban, ka ji wa ya turo shi, me za a gwada, wa zai ga sakamakon. In ba ka gamsu ba, ka ce a'a.

Amma inda aka fi yin ɓarna shi ne bayan an cire allura. Jini ba ya jure zafi da jinkiri. In aka bar kwalba a aljihu ko a kan tankin mashin cikin ranar bazara, jajayen ƙwayoyin jinin su farfashe, sakamako ya fito a karkace. Sugan da ke ciki kuma raguwa yake yi, domin ƙwayoyin na ci gaba da cinye shi a cikin kwalbar, sai mai ciwo ya ga takarda ta ce lafiyarsa ƙalau. Don haka gwajin suga ke da kwalbarsa daban mai murfi ruwan toka, kuma ake sa kwalabe a akwatin sanyi. Wasu gwaje-gwajen, kamar na jaririn da mahaifiyarsa ke da ƙanjamau, ɗiga jinin ake yi a wata takarda ta musamman ya bushe, dabarar da Robert Guthrie na Amurka ya fito da ita a farkon shekarun 1960. Busasshen jinin ya fi jure doguwar hanya.

A buɗe sabuwar allura a gabanka, a kuma rubuta sunanka a jikin kwalbar kafin mai ɗiban ya tashi. A gidan da ake da Musa uku, sai an haɗa da sunan uba da shekaru. Wannan ya ƙara nauyi tun 2024, da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure, domin musanyar kwalba ɗaya na iya raba baiko, ko ta bari a ɗaura auren masu ƙwayar sikila biyu.