Masu Karanta Kwabo Mai Huji

A ƙasan adudun kakata akwai wani ɗan gwangwanin alewa da ba ta yarda yaro ya taɓa. Da aka buɗe shi bayan rasuwarta, kwabbai aka tarar masu huji an zura su a zare kamar carbi, da sisi biyu, da taro mai kusurwa goma sha biyu, da wata ƙatuwar azurfa mai hoton wata Baturiya mai kumatu. Manya suka juya su, suka ce ai waɗannan sun daina kashuwa tun zamanin Gowon, aka bar mini. Na daɗe ina wasa da su kafin in san cewa akwai mutanen da duba irin waɗannan ƙarafa shi ne aikinsu, da shi suke ci suke sha, har jami'o'i da gidajen tarihi na biyansu albashi a kansa.

Turawa na kiran wannan fanni numismatik. Kalmar ta samo asali daga nomisma, sunan da Girkawan dā suke kiran tsabar kuɗi, shi kuma ya fito daga nomos, wato doka ko al'adar da jama'a suka yi na'am da ita. Aristotil ma ya lura da haka, ya ce darajar kuɗi ba halittarsa ba ce, mutane ne suka ɗora masa, kuma suna iya cire ta. Duk wanda ya taɓa miƙa wa mai shago ƙwandala aka ture masa hannu ya san wannan magana ba tare da ya karanta Girkanci ba. Larabawa na cewa ilmul maskukat, ko ilmun nummiyyat, mu kuwa sai mu ce nazarin tsabar kuɗi. Amma kalmar ta fi tsaba faɗi a bakin masu ita: ta haɗa da takardun kuɗi, da lambobin yabo na ƙarfe, da wuri, da mundayen tagulla da aka yi ciniki da su a kudancin Nijeriya. Suna kuma bambanta mai tarawa don sha'awa da mai nazari, ko da yake sau da yawa mutum ɗaya ne, sha'awar ce ta ja shi har ya zama malami.

Kayan aikin ba su da yawa: madubin ƙara girma, ɗan sikeli mai auna abin da bai kai giram ɗaya ba, ma'aunin faɗi, fitila mai kyau, da littattafan da aka jera kowane bugu a ciki. Gwani ba ya kama kwabo ta fuska, ta gefe yake riƙe shi, saboda gumin yatsa na barin tabo. Ya karanta rubutun gaba da na baya, ya auna nauyi, ya duba gefen ko santsi ne ko tsaga-tsaga, sannan ya nemi ɗan harafin da ke nuna maƙerar da ta buga. A kwabban Afirka ta Yamma na zamanin Ingilishi za ka ga H ƙarama, alamar kamfanin Heaton na Birmingham, ko KN ta King's Norton. Kwabbai biyu na shekara ɗaya, harafin nan kaɗai na iya sa ɗaya ya ninka ɗan'uwansa kuɗi sau da yawa.

Inda aikin ya fi burge ni shi ne nazarin hatimi. A zamanin dā tsakanin hatimai biyu ake sa ɗan ƙarfe a doka da guduma, kuma kowane hatimi da hannu aka sassaƙa shi, don haka babu biyu masu kama sak. Hatimin sama ya fi saurin lalacewa, sai a sauya shi a bar na ƙasa. Mai nazari zai tara hotunan ɗaruruwan tsaba yana bin sawun wata 'yar tsaga da ke ƙara tsawo daga wannan zuwa wancan, har ya gane wanne aka fara bugawa, hatimai nawa aka cinye, kuɗi nawa ke nan sarkin ya zuba a kasuwa. Aiki ne irin na mai bin sawun ɓarawon shanu a ƙasa mai tauri. Wani limamin coci a Biyana, Joseph Eckhel, shi ya shimfiɗa wa fannin tsari a mujalladai takwas da ya wallafa daga 1792 zuwa 1798, amma tun kafin shi da ƙarni uku da rabi al-Maƙrizi na Masar ya rubuta littafi a kan tarihin kuɗin Musulmi.

Kuɗin Musulmi kuwa su ne abin marmarin mai nazari, domin suna magana da bakinsu. A shekara ta 77 bayan hijira Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fitar da dinari mai rubutu zalla ba hoto, nauyinsa kimanin giram 4.25, wanda har yau malamai ke waiwaya idan ana lissafin nisabin zakka. Dirhaman azurfa da suka biyo baya suna ɗauke da shekara da sunan garin da aka buga su. Wani dinari na shekara ta 105, mai rubutun da ke danganta shi da ma'adinin Sarkin Musulmi a Hijaz, an sayar da shi a Landan a 2011 a kan fam miliyan 3.7. Kusa da mu kuma, a kufan Tadmakka da ke arewacin Mali, masu haƙar tarihi sun tono kwamin yumɓu da ake zuba narkakkiyar zinariya a ciki, abin da ya gaskata marubucin dā al-Bakri, wanda ya ce dinaran garin ba su da tambari ko kaɗan.

Na koma kan gwangwanin kakata da wannan ido, sai na ga ashe littafi ta bar mini. Baturiyar nan mai kumatu Mariya Taresa ce, sarauniyar Ostiriya. Shekarar da ke jiki 1780, amma wannan ba ya nufin a shekarar aka buga ta. A shekarar ta mutu, fatake daga Habasha zuwa Yaman zuwa Borno kuma suka ƙi karɓar wata azurfa sai mai kamanninta, don haka aka ci gaba da bugawa da tsohuwar shekarar a Biyana, daga baya har a Landan da Roma da Bombay. Nauyinta giram 28 ne. Wani Bature matafiyi mai suna Barth ya tarar a Kano a 1851 ana canza irinta ɗaya a kan wuri 2,500. Da yawa sun ƙare a maƙerar fari, sun koma zobba da warwaro da kwalliyar linzami.

Kwabban masu huji kuwa suna da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci a jikinsu, don Turawan mulki sun san wane rubutu jama'ar Arewa ke karantawa. Anini, wato ɗaya bisa goman kwabo, an fara buga shi a 1907 da sanholo, yana cikin tsabar farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe, amma bai jure damshin ƙasarmu ba, aka sauya ƙarfen a 1908. An ƙirƙire shi ƙanƙane haka ne don ya maye gurbin wuri a cinikin daddawa da gishiri. A cikin zaren akwai guda ɗaya na 1936 mai sunan Sarki Edward na takwas, wanda ya hau a watan Janairu ya yi murabus a Disamba. A Ingila kanta kuɗi mai sunansa bai shiga kasuwa ba, amma da yake kwabonmu ba ya ɗaukar hoto, suna kawai ake rubutawa, sai ga sarkin wata goma sha ɗaya yana yawo a kasuwannin Kano da Zariya.

Abin da ke ba ni takaici shi ne bakinmu ya fi hannunmu riƙo. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Ɗari sunan rabin kwabo ne, ya samo shi daga ƙidayar wuri. Har gobe mutum zai rantse ba shi da ko sisin kwabo, ko taro, ko anini, a ce soja mai anini biyu, a Nijar a yi ciniki da dala da jaka. Yaron da ke faɗin haka bai taɓa ganin ko ɗayansu ba. Naira da kwabo sun zo ranar 1 ga Janairu 1973 da auduga da koko da gyaɗa a jikinsu, ƙwandalolin 2007 kuma kusan daga banki suka wuce gun masu narkawa. Babban Bankin Nijeriya na da gidan tarihin kuɗi a Abuja, amma mafi yawan abin da ya rage yana cikin adudai da fantekokin tsofaffi, da tiren masu kayan tarihi a Kasuwar Kurmi.

Wanda ke son shiga sana'ar ya fara da koyon gane jabu. Azurfar gaske idan aka ɗora ta a kan yatsa aka ƙwanƙwasa amonta na daɗewa, ta dalma kuwa tsit take yi. Wadda aka zuba a kwami tana da ƙananan ramuka a fuska da zare a gefe inda kwamin ya haɗu. Ya kuma toshe kunne daga masu yawo da labarin wai tsohon kwabo na ɗauke da wani sinadari da Bature zai saya miliyoyi. An buga kwabban nan miliyoyi, yawancinsu kuɗinsu kaɗan ne, ƙarancin bugu da lafiyar jiki ke sa tsada. Idan manomi ya tono tukunyar tsaba kada a raba ta kashi-kashi, domin mafi ƙuruciya a cikinta ita ke nuna lokacin da aka binne, sauran kuma su nuna da waɗanne ƙasashe garin ke ciniki.

Kuskuren da ya fi kowanne ciwo ni na tafka shi da hannuna. Ina yaro na ga azurfar ta yi baƙi, na samo toka da lemun tsami na dirje ta har ta yi ƙyalli. Shekaru bayan haka na kai ta gun wani dattijo mai sayar da kayan tarihi. Ya riƙe ta ta gefe, ya karkata ta wajen hasken ƙofa, ya nuna mini ƙananan zane-zanen da tokar ta bari a kumatun sarauniyar. "Ɗana, wa ya wanke ta?" Na ce ni ne. Ya girgiza kai ya ce baƙin nan da na kankare shi ne shaidar shekarunta, yanzu sai dai a saye ta da nauyi. Ban sayar ba. Na naɗe ta a ƙyalle na mayar cikin gwangwanin, kusa da zaren kwabban da Allah ya sa ban wanke ba.